David Crockett: manomin bakin daji, soja, marubuci, da gardamar da ta ƙi ƙarewa a Texas

A shekarar 2018 wani kwamiti da ke bai wa hukumar ilimi ta jihar Texas shawara ya nemi a cire kalmar "jarumai" daga layin manhajar 'yan aji bakwai da ke magana a kan mutanen da suka mutu a yaƙin Alamo, wanda 'yan tawayen Texas suka yi da sojojin Meziko. Hujjar kwamitin ita ce kalmar tana yanke wa ɗalibi hukunci tun bai karanta abin da ya faru ba. Gwamna Greg Abbott ya fito ya yi tir da shawarar, jama'a suka yi ca, hukumar ta bar kalmar a inda take. A watan Yulin 2021 kuma gidan tarihin jihar da ke Austin ya soke wani taro ana saura sa'o'i kaɗan a fara, taron da za a tattauna wani littafi mai cewa kare bauta na cikin manyan dalilan wancan yaƙi. Mataimakin gwamna Dan Patrick ya fito ya ce shi ya sa aka soke.

Wanda ke kallo daga nesa zai yi mamakin yadda faɗan da aka gama cikin safiya guda a 1836 yake tayar da jijiyoyin wuya har yau. Hanya mafi sauƙi ta gane lamarin ita ce a bi rayuwar mutumin da ya fi kowa suna cikin waɗanda suka mutu a wurin, wato David Crockett, wanda duniya ta sani da Davy. Ya yi noma a bakin daji, ya yi aikin soja, ya je majalisa sau uku, ya kuma bar littafin tarihin kansa. A kowane mataki abu biyu ne ke tura shi gaba: bashi da neman fili.

Wasu kalmomi da ake bukata

Abin da Amurkawa ke nufi da bakin iyaka a wancan zamani ba layi ba ne tsakanin ƙasashe biyu mai shingen kwastan. Yanki ne mai faɗi inda gonakin Turawa 'yan ci-rani suka ƙare, ƙasar 'yan asalin nahiyar ta fara, kuma yana matsawa yamma kusan kowace shekara. A 1763 gwamnatin Ingila ta hana talakawanta zama a yammacin duwatsun Appalachia don gudun yaƙi da ƙabilun da ke can. Mutane ba su saurara ba, kuma bayan Amurka ta sami 'yanci hanin ya faɗi gaba ɗaya.

Waɗanda suke shiga irin wannan yanki kashi biyu ne. Akwai masu takarda, galibi attajirai da dillalan filaye da ke zaune a birane suna sayen dubban eka ba tare da sun taka wurin ba. Akwai kuma 'yan kama-wuri-zauna, talakawan da ke sare daji, su kafa bukkar katako, su shuka masara, ba su da takardar komai. Ranar da mai takarda ya zo da ma'auninsa sai su tattara su ƙara gaba. Crockett cikin kashi na biyu ya fito.

Soja kuma a nan ba yana nufin mai kaki da albashin wata ba. Kowace jiha tana da rundunar sa-kai, inda manomi zai ɗauki bindigarsa da dokinsa ya yi wata uku ko shida ya dawo gona. Hafsoshin rundunar sau da yawa zaɓensu ake yi da ƙuri'a. Muƙamin kanar da ya manne wa sunan Crockett ta haka ya same shi a 1818, bayan an gama yaƙin da ya shiga.

Yaron da aka biya bashi da ƙarfinsa

An haife shi ranar 17 ga Agustan 1786 a gabashin yankin da ya zama jihar Tennessee, kusa da kogin Nolichucky. Shekara tara kafin nan mayaƙan Creek da Cherokee sun kashe kakansa da kakarsa a gidansu, a lokacin da ƙabilun ke ƙoƙarin korar waɗanda suka shigo musu ƙasa. Mahaifinsa John ya yi yaƙin neman 'yanci, daga baya ya buɗe masauki mai mashaya a kan hanyar fatake, amma bashi bai taɓa sakinsa ba.

Yana ɗan shekara 12 aka ba da hayarsa ga wani mai shanu ya kora masa garke zuwa Virginia. Da ya dawo aka sa shi makaranta, bai daɗe ba ya yi faɗa da wani yaro, ya gudu daga gida don tsoron bulala, ya yi fiye da shekara biyu yana aikatau a wurin masu amalanke da manoma. Bayan dawowarsa ya yi wa mutum biyu aiki na kusan shekara guda ba tare da an ba shi ko sisi ba, don ya biya bashin dala 36 da na dala 40 da ake bin mahaifinsa. Karatun da ya yi a rayuwarsa duka bai wuce na wata shida ba. Ya auri Polly Finley a 1806, ya yi noman haya, ya ga ba riba, ya fara ƙaurar da bai daina ba har mutuwarsa.

Yaƙin Creek da abin da ya rubuta a kai

Al'ummar Creek, waɗanda ke kiran kansu Muscogee, sun rabu gida biyu a farkon ƙarni na 19. Wani ɓangare ya karɓi noma da ciniki irin na Turawa, ɗaya ɓangaren kuma, wanda ake kira masu jan kulki, ya ce a tsaya a kare ƙasa da al'ada. Rikicin cikin gida ne, amma ranar 30 ga Agustan 1813 masu jan kulki suka afka wa sansanin Fort Mims a Alabama ta yau suka kashe ɗaruruwan mutane, har da mata da yara. Labarin ya girgiza Tennessee. Crockett ya shiga rundunar sa-kai ta masu dawakai a watan Satumba, ƙarƙashin babban kwamanda Andrew Jackson.

Ranar 3 ga Nuwamba rundunar Janar John Coffee ta kewaye garin Tallushatchee. Abin da Crockett ya rubuta game da wannan rana shi ne ɓangaren littafinsa da masu yabonsa suka fi tsallakewa. Ya ce ya ƙirga mayaƙa 46 da suka shige wani gida. Wata mata a bakin ƙofa ta ja baka da ƙafarta ta harbe wani hafsa, sai sojoji suka fusata. A kalamansa, sun harbe su kamar karnuka, sannan suka cinna wa gidan wuta da mutanen a ciki. Ya ambaci wani yaro ɗan kimanin shekara 12 da aka karya wa hannu da cinya, yana jan jiki kusa da wutar bai yi kuka ba. Washegari yunwa ta sa suka koma suka tono dankali daga rumbun da ke ƙarƙashin gidan, suka ci, alhali kitsen gawarwakin ya zuba a kansa.

Masana sun sha bamban a kan yadda za a karanta wannan shafi. Wasu suna ganin mutum ne da abin ya tsaya masa a rai, shi ya sa ya faɗe shi tsirara a lokacin da sauran tsofaffin sojoji ke ƙawata labari. Wasu kuma suna cewa babu nadama a muryar, ya ba da labarin ne kamar yadda yake ba da na farauta. Abin da ba a gardama a kai shi ne yawancin aikinsa a rundunar leƙen hanya ne da farautar nama don ciyar da sojoji masu yunwa, kuma ba ya wurin a babban gumurzun Horseshoe Bend na Maris 1814 da ya karya masu jan kulki. A yarjejeniyar da ta biyo baya Jackson ya karɓe fiye da eka miliyan 20 daga hannun Creek, har da ƙasar waɗanda suka taya shi yaƙi. A 1818 kuma aka sayi yammacin Tennessee daga al'ummar Chickasaw. Can Crockett ya koma, bakin kogin Obion, bayan ambaliyar 1821 ta share injin niƙansa da wurin haɗa albarushi da wurin dafa barasa da ya kafa da kuɗin matarsa ta biyu, Elizabeth Patton, da na bashi.

Majalisa: filin talaka da filin ɗan asali

Ya shiga majalisar jiha a 1821, sannan Majalisar Wakilai ta tarayya a 1827. Salon yaƙin neman zaɓensa sananne ne. Ba ya doguwar lacca, sai barkwanci da labarin farauta, kuma da bakinsa ya ce yana ajiye kwalbar barasa a aljihu ɗaya, taba a ɗaya, don kada mai ƙuri'a ya rabu da shi hannu rabbana. Amma yana da manufa guda da ya riƙe da gaske.

Asalin matsalar ita ce Tennessee a da ɓangaren North Carolina ce. Lokacin da North Carolina ta miƙa yankin ga tarayya ta riga ta raba wa tsofaffin sojojinta takardun alƙawarin fili a madadin albashi. Yawancin sojojin sun sayar da takardun da arha ga dillalai, dillalan suka zo suka zaɓi ƙasa mai kyau, wani lokaci har da gonar da wani ya riga ya share. Abin da ya rage a yammacin jihar guntaye ne marasa daraja da ke hannun gwamnatin tarayya, kuma a kansu talakawan mazaɓar Crockett suke zaune.

'Yan majalisar Tennessee, ƙarƙashin jagorancin James K. Polk wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, suna son tarayya ta bai wa jihar filayen ta sayar ta zuba kuɗin a harkar ilimi. Hujjarsu ba ta banza ba ce, domin jihar tana ƙarancin makarantu. Crockett ya ce idan aka kai filin kasuwa mai kuɗi ne zai saye, kuma kwalejin da za a gina ba ɗan mai bukka ne zai shige ta ba. Ya nemi a bai wa waɗanda ke zaune a kai kai-tsaye ko a sayar musu a farashin da za su iya. Irin wannan tunani ne ya sa ya nemi a rufe makarantar hafsoshi ta West Point, yana cewa kuɗin talaka ake karantar da 'ya'yan masu hali da shi. Ƙudurin filin bai taɓa wucewa ba a zamansa na majalisa. Wani ɓangare na laifin nasa ne: bai iya sasanci ba, bai ƙware a ƙa'idojin zauren ba, kuma yana saurin mayar da saɓanin ra'ayi gaba.

Sai 1830, lokacin da Shugaba Jackson ya kawo dokar kwashe ƙabilun kudu maso gabas zuwa hayin kogin Mississippi. Dokar ta wuce a Majalisar Wakilai da tazarar ƙuri'u ƙalilan. Cikin wakilan Tennessee, jihar shugaban ƙasa, Crockett kaɗai ya ce a'a. A littafinsa ya kira ta muguwar doka ta zalunci, ya ce ƙuri'a ce da ba zai ji kunyarta ba ranar hisabi. Shugaban Cherokee John Ross ya rubuta masa wasiƙar godiya. A zaɓen 1831 ya faɗi, sai dai ya koma majalisar a zaɓen da ya biyo baya.

Me ya sa ya yi haka? Masu yabonsa suna cewa imani ne, kuma ya san abin da zai jawo masa. Masu shakka suna nuna cewa a lokacin ya riga ya ɓata da mutanen Jackson a kan batun fili, yana kuma kusantar 'yan adawa, don haka ƙuri'ar ta dace da sabon layinsa na siyasa. Bayanan biyu ba sa kore juna. Akwai dai wani kulli da kowane ɓangare ke wucewa da sauri: filin da yake nema wa talakawansa shekara goma sha biyu kacal da fita daga hannun Chickasaw. Haka kuma ya mallaki bayi 'yan kaɗan, ya kuma sayar da wasu lokacin da masu bin bashi suka matsa. Dokar da ya ƙi ta ci gaba da aikinta har bayan mutuwarsa. A 1838 da 1839 aka tasa ƙeyar Cherokee kimanin 16,000 zuwa yamma, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan 4,000 sun mutu a sansanoni da kan hanya.

Wa ya rubuta Crockett?

Kafin ya rubuta komai wasu sun riga sun rubuta shi. A 1831 aka fara wani wasan kwaikwayo a New York mai tauraro ɗan daji, mai cika baki, sanye da hular fatar dabba, kowa kuma ya gane da wa ake. A 1833 wani littafi ya fito da sunan tarihin rayuwarsa ba da hannunsa ba, ya yi kasuwa, shi bai sami komai ba. Wannan ya sa ya zauna da abokinsa ɗan majalisa Thomas Chilton na Kentucky suka haɗa nasa, wanda kamfanin Carey da Hart na Philadelphia ya buga a 1834 da sunan A Narrative of the Life of David Crockett.

Littafin yana da daraja ta gaske. An rubuta shi da Ingilishin mutanen karkara a zamanin da marubutan Amurka ke kwaikwayon na Landan, kuma yana nuna talauci daga ciki: yadda ake auren da iyayen amarya ba su da abin bayarwa sai saniya biyu, yadda mutum ke ratsa kogi mai ƙanƙara don ɗauko gangar albarushi, yadda zazzaɓi ke kayar da magidanci a daji har a kai wa iyalinsa labarin ya mutu. Amma littafin ɗan takara ne, kuma an rubuta shi ana raɗe-raɗin zai nemi shugabancin ƙasa. Ya ce ya kashe beyar 105 cikin ƙasa da shekara guda, adadin da shi kaɗai ne shaidarsa. Ya kuma ba da labarin cewa yana cikin sojojin da suka bijire wa Jackson suka tafi gida a lokacin yaƙin Creek. Masanin tarihi James Shackford, wanda ya bi takardun rundunar, ya nuna cewa Crockett ya cika wa'adinsa lafiya lau. An saka labarin ne don ya nuna tun da can ba ya tsoron Jackson.

Daga nan sunan ya fi ƙarfin mai shi. Jam'iyyar Whig mai adawa tana neman nata ɗan dajin da za ta kara da Jackson, sai ta zagaya da shi biranen arewa maso gabas a 1834 ana ta liyafa, alhali majalisa na zama. An buga littafin wannan tafiya da wani na sukar Martin Van Buren, mataimakin Shugaba Jackson, da sunan Crockett, duka aikin marubutan haya ne a mafi yawansu. Bayan mutuwarsa aka fitar da wani wai kundin abin da ya rubuta a Texas, wanda Richard Penn Smith ya ƙaga a Philadelphia. Daga 1835 zuwa 1856 kuma an yi ta buga ƙananan littattafan shekara-shekara da sunansa, cike da tatsuniyoyin hawan kada da kokawa da namun daji, da kuma cin mutuncin baƙaƙen fata da 'yan asali wanda ya fi duk abin da ke littafinsa muni. Mutanen mazaɓarsa dai sun lura wakilinsu yana yawo bai kawo dokar fili ba. A 1835 Adam Huntsman ya kayar da shi da ƙuri'a 252.

Texas, da tambayar yadda ya mutu

Maganar da aka fi haddace masa ita ce wadda ya yi bayan wannan faɗuwa, cewa su tafi wuta, shi ya tafi Texas. Ya bar gida a farkon Nuwamban 1835. Wasiƙar da ya aika wa 'yarsa a Janairun 1836 ta nuna abin da ya kai shi: ya yaba kyan ƙasar, ya ce yana fatan samun fili da arziki, yana kuma sa ran shiga taron tsara mulkin yankin. Ya yi rantsuwar shiga rundunar sa-kai a Nacogdoches, a lokacin da ake yi wa masu shiga alƙawarin fili.

Texas a lokacin yankin Meziko ce, kuma a nan gardamar yau ta samo tushe. Ɓangare ɗaya yana cewa tawayen na neman 'yanci ne. Shugaba Antonio López de Santa Anna ya yi watsi da tsarin mulkin tarayya na 1824, ya tattara iko a hannunsa, ya murƙushe jihar Zacatecas da ƙarfin soja a 1835, kuma ba Turawan Amurka kaɗai suka tayar masa ba, har da 'yan Meziko mazauna Texas irin su Juan Seguín. Ɗaya ɓangaren yana cewa a duba auduga. Meziko ta haramta bauta a 1829, ko da yake an ɗaga wa Texas ƙafa, sannan a 1830 ta hana ƙarin shigowar Amurkawa. Manoman audugar da suka shigo da bayi sun san cewa muddin suna ƙarƙashin Meziko dukiyarsu tana cikin haɗari. Tsarin mulkin da 'yan tawayen suka rubuta a Maris 1836 ya tabbatar da bauta, ya kuma hana 'yantaccen baƙar fata zama a ƙasar sai da izinin majalisa. Yawancin masana tarihi na jami'a a yau suna ɗaukar dalilan biyu a haɗe. Rigimar tana kan wanda za a sa a gaba.

Crockett ya isa San Antonio a farkon Fabrairu. Ranar 23 ga wata sojojin Santa Anna suka yi wa Alamo ƙawanya, wani tsohon gidan mishan da aka mayar sansani, mai mutum kimanin 200 a ƙarƙashin William Travis da James Bowie. Bayan kwana 13, da asubahin 6 ga Maris, aka afka musu. An kashe mayaƙan kusan duka, aka ƙona gawarwakinsu. Crockett yana da shekara 49.

Labarin da aka saba ji shi ne ya mutu yana faɗa. Susanna Dickinson, matar wani hafsa da aka bari da rai, ta ce daga baya ta ga gawarsa a filin da ke gaban cocin. Sai dai tun a makonnin farko akwai wani labarin. Sam Houston, kwamandan 'yan tawaye, ya rubuta ranar 11 ga Maris cewa an ce mutum bakwai sun tsira daga faɗan, suka nemi a yi musu rai, Santa Anna ya sa aka kashe su. Bai ambaci suna ba. Wanda ya ambata shi ne José Enrique de la Peña, hafsa a rundunar Meziko, wanda aka buga rubutunsa a Meziko a 1955, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1975. Ya ce Janar Castrillón ya kawo fursunoni kusan bakwai gaban Santa Anna yana roƙa musu, cikinsu har da Crockett, shugaban ya ƙi, aka sare su da takubba, kuma sun mutu ba tare da sun ƙasƙantar da kansu ba.

Fassarar ta fito ne shekara ashirin bayan shirin talabijin na kamfanin Disney na 1954 da 1955 ya sa yaran Amurka rububin hular fata mai jela, kuma mutanen da suka tashi da wannan hoto ba su ji daɗi ba. Dan Kilgore, wanda ya goyi bayan labarin de la Peña a 1978, ya sha wasiƙun zagi. A 1994 Bill Groneman ya ce takardun jabu ne. Masanin tarihi James Crisp ya mayar masa da martani da hujjojin da suka gamsar da yawancin masana cewa takardun na zamanin ne. An sayar da su a gwanjo a 1998, yanzu suna Jami'ar Texas da ke Austin. Amma ingancin takarda daban, ingancin shaida daban. Mai yiwuwa de la Peña ya rubuta abin da ya ji ne, kuma ba lallai ne hafsan Meziko ya gane fuskar Crockett ba. Inda magana ta tsaya ke nan: kisan fursunoni ya tabbata, kasancewarsa a cikinsu abu ne mai yiwuwa ƙwarai wanda ba a iya rantsuwa a kai. Dokar Meziko ta Disamban 1835 ta riga ta ce duk baƙon da aka kama da makami a ɗauke shi ɗan fashin teku, wato hukuncinsa kisa, ko ya miƙa wuya ko bai miƙa ba.

Wa ya ci, wa ya yi asara

Ga iyalai a Texas ta yau batun ba na masana kaɗai ba ne. Dokar jihar ta wajabta koyar da tarihin Texas a aji huɗu da aji bakwai, kuma fiye da rabin ɗaliban makarantun gwamnati 'yan asalin yankin Latin ne, yawancinsu masu tushe a Meziko. Yadda aka ba da labarin Alamo shi ke nuna wa yaro ko kakanninsa ne azzaluman labarin, ko suna cikin masu kare sansanin, ko duka biyun. Malami kuma yana tsaka mai wuya, domin kalma guda a allo tana iya kai shi gaban hukumar makaranta. Akwai kuma batun kuɗi, tunda Alamo na cikin wuraren da suka fi jan baƙi a jihar, kuma tun 2015 yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tare da sauran gidajen mishan na San Antonio.

Waɗanda suka rayu a zamanin sun ga sakamakon da idonsu. An ci Santa Anna a San Jacinto ranar 21 ga Afrilun 1836, Texas ta zama ƙasa, ta shiga Amurka a 1845. Joe, bawan Travis da ya tsira daga Alamo ya kuma ba da shaidar abin da ya gani, an mayar da shi cikin dukiyar gadon maigidansa, sai da ya gudu a 1837. Bayi a Texas sun tashi daga kimanin 5,000 a 1836 zuwa sama da 180,000 a 1860. Juan Seguín ya zama magajin garin San Antonio, amma a 1842 barazanar sababbin zuwa ta sa ya tsere Meziko. Cherokee da suka zauna a gabashin Texas an kore su da yaƙi a 1839.

Talakawan Obion kuwa sun sami abin da suke nema a hannun ɗansa. John Wesley Crockett ya ci kujerar mahaifinsa a 1837, kuma a 1841 majalisa ta amince da dokar da ta bai wa mazauna filayen yammacin Tennessee damar sayen inda suke zaune da rahusa. A wannan shekarar aka yi wata dokar ta ƙasa baki ɗaya mai bai wa ɗan kama-wuri-zauna haƙƙin fara saye kafin a kai fili gwanjo. A 1862 aka ƙara gaba da dokar da ke bai wa magidanci eka 160 idan ya zauna ya noma ta shekara biyar. Filayen da aka raba a ƙarƙashinta suna yamma da Mississippi ne galibi, a ƙasar Dakota da Cheyenne da Pawnee da wasunsu, kuma daga 1889 rabon ya shiga Oklahoma, yankin da aka kai Cherokee da Creek da alƙawarin ba za a sake taɓa su ba.